Ɗorin da Ba a Riƙe Mutum

Sanyin Alƙahira ne ya fara tarbar mu tun kafin mutanenta. Da hantsi muka fito daga filin jirgi, ni da ƙanena Ummaru, ina jan akwati biyu, shi kuwa yana bin bango. Haka tafiyarsa take a lokacin. In akwai bango, sai ya manna bayansa da shi ya riƙa matsawa a karkace. In babu, sai ya tsaya har kowa ya wuce. Ya dubi ƙaton filin da ke gabanmu, motoci da mutane ta ko'ina, ya ce, "Yaya, wanga gari an yi rowar bango."

Na yi dariya har da tari, domin rabon da in ji ya yi zolaya an fi shekara.

Sunana Bawa, dillalin albasa ne ni a Aliero. Da buhu uku na fara a kan jaki, yau ina loda manyan motoci zuwa kudu. Ummaru ne ya ja motata ta farko, kuma shekara goma sha ɗaya bai taɓa zubar min da ko buhu guda ba. Yana kan hanyar dawowa wata rana 'yan bindiga suka tare shi, suka shiga daji da shi. Kwana goma sha tara ya yi a hannunsu, suna kira na a waya kan kuɗin fansa. Allah ya fito da shi da ƙafafunsa, ba karaya, ba harbi. Muka yanka rago, muka yi sadaka, muka ce shi ke nan.

Ashe da sauran aiki. In babur ya wuce ƙofar gida, Ummaru zai zabura ya watsar da abin da ke hannunsa. Barci ya ƙaurace masa. Ya daina cin abinci cikinmu, sai a kai masa kwanonsa ƙuryar ɗaki. Abin da ya fi damun mahaifiyarmu shi ne masallaci. Mutumin da tun yana saurayi ba a raba shi da sahun farko, ya koma sahun ƙarshe jikin bango, daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya, saboda ba ya iya jure mutum a bayansa.

Malamai sun yi addu'a, wani dattijo a Sabiyal ya ba mu rubutu, kuma ban raina ba, zuciyarsa ta ɗan yi sanyi. Daga baya muka samu wani likitan ƙwaƙwalwa, ɗan Maiyama. Shi ya ce mana ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne. Ya ce firgici ne da kan maƙale wa mutum bayan babban tashin hankali: haɗarin ya wuce, amma ƙwaƙwalwa ba ta samu labari ba, tana nan tsaye tana gadi. Ya ba da magani, ya riƙa zama da shi suna magana. Barci ya ɗan dawo, amma tsoron mutum a baya yana nan inda yake.

Likitan ne ya ba mu labarin wata sabuwar hanya da ake kira niyurofidbak, wadda ake koya wa ƙwaƙwalwa natsuwa da na'ura.

"Alhaji, sabon abu ne," in ji shi. "Wasu na samun sauƙi, wasu ba su samu. Ba zan ce maka lallai ba."

Ni a kasuwa, wanda ya fara faɗa min aibin kayansa shi nake yarda da shi. Ya ce in riƙe abu guda: na'urar ba ta saka komai a kan mutum, saurare kawai take yi. Ya rubuta min adireshin wata likita a Alƙahira, da lambar wani Malam Nasiru, mutumin Gehuru da ke karatu a can da iyalinsa. Inna kuwa sharaɗi guda ta kafa min. Ta ce, "Ban ce ka dawo min da direba ba. Ka dawo min da shi shina salla cikin mutane."

Wahalar zangon farko ni na jawo mana. Layin wayata bai yi aiki a can ba, na kasa kiran Malam Nasiru. Ina tsaye ina daddanna waya sai na ji Hausa raɗau a kunnena.

"Alhajina! Barka da sauka. Asibiti ko kasuwa?"

Wani mutum ne fes-fes cikin rigar fata, ya ce sunansa Ɗanjuma. Wanda ya shekara talatin a dillanci bai kamata ya bi irin wannan murmushin ba, amma sanyi da baƙunta sun sa Hausarsa ta shige ni kamar shayi mai zafi. Na nuna masa takarda. Ya ce ai ya san wurin, ƙanwar likitar ma maƙwabciyarsa ce. Ya sa mu a tasi, ya kai mu wata unguwa da kowane bene allunan likitoci ne jere har sama, ya hau da mu hawa na uku.

Wani mai farar riga ya fito da wata hula mai igiyar lantarki. Ɗanjuma ya ce zama uku kacal, Ummaru zai manta da ko sunan daji. Yana magana yana sosa kunnen hagu, mai farar rigar yana lumshe ido. Wannan susar kunnen na san ta. Mu ma a kasuwar Jega muna da irinta, in baƙo ya zo da gaggawa a fuska.

Na ce, "To madalla. Amma ni ba na sayen buhu sai na zazzage shi. A sa min hular tukuna."

Suka dubi juna, aka sa min. Nan take kaina ya kama ɓari, haƙorana suka shiga haɗuwa da juna, carbi ya suɓuce daga hannuna. Ummaru daga jikin bango ya ce, "Yaya, mi kake ji?"

"Injin niƙa nake ji."

Na cire na miƙa musu abinsu. Na ce, "An ce min ta gaskiya saurare take. Wagga kuwa surutu take."

Ɗanjuma ya ce bari ya sauka ya kira mana babban likitan. Har yau bai hawo ba. Masaukin da ya ce ya kama mana ma da shi ya tafi a bakinsa.

Muka tsinci kanmu a titi da akwati biyu, ba waya, ba wanda muka sani. Larabcin da na koya a makarantar allo da wanda na tsinto a aikin hajji, duk na jera wa mutum uku. Kowa ya ce "masha Allah" ya wuce. Ana cikin haka salansar wani babur ta buga kamar harbi. Ummaru ya durƙushe a bakin titi, ya rufe kai da hannu, mutane na ratsa mu ta gaba da baya. A rayuwata ban taɓa rasa dabara kamar ranar ba.

Wani tsoho mai sayar da kayan miya yana kallon mu daga teburinsa. Ya juye tumatir daga wani akwatin katako, ya kife akwatin a jikin bango bayan teburin, ya yafito Ummaru. Ya zuba mana shayi baƙi ƙirin, sukarinsa kamar ya tsayar da cokali. Sannan ya karɓi takardar da ke hannuna, ya kira lambar da wayarsa. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ragab." Na bugi nawa na ce, "Bawa." Iyakar hirarmu ke nan a ranar, kuma ta wadatar.

Malam Nasiru ya iso yana haki, gajere mai gemu, zai kai shekara arba'in. Ya ce, "Sannunku, Alhaji. Ai tun safe ina filin jirgi da sunanku a kwali." Kunya ta kama ni, na ƙara kurɓar shayi. Ashe asibitin da muke nema layi biyu ne tsakaninsa da teburin Ragab. Malam ya samo mana ɗaki a unguwar, mai gado biyu. Kafin in ajiye akwati Ummaru ya tura nasa gadon kusurwa.

Kafin in shiga labarin asibitin sai na faɗi wata al'ada tamu. Aliero garin ɗori ne, daga nesa ake kawo mana masu karaya. In za a ja ƙashi a mayar da shi mazauninsa, ɗan'uwan mai karayar ne ke tsayawa a bayansa, ya riƙe kafaɗunsa gam, yana ce masa ya daure. Barin naka shi kaɗai a hannun maɗori abin kunya ne, sai a shekara ana faɗi. Ni kuwa Allah ya ba ni hannu. Tun ina saurayi, in wani ya karye a danginmu ni ake kira riƙo. Da wannan hannun na shiga ɗakin Dakta Muna, likitar da aka turo mu wurinta.

Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da gaggawa. Ranar farko tambayoyi kawai ta yi wa Ummaru, Malam Nasiru na fassara. Rana ta biyu ta auna kansa, ta shafa wani abu mai danƙo, ta manna 'yan ƙananan wayoyi a fatar kan, ta maƙala biyu a kunnuwa. Na ce a fara da ni. Ta yi dariya, ta manna min guda. Ban ji komai ba, ko ƙaiƙayi. A allon da ke gabanta sai ga wasu layuka suna tafiya a hankali. Ta ce wannan motsin ƙwaƙwalwata ne. Ta ce in cije haƙora, layukan suka hargitse.

Na ce, "Malam, ce mata ta tsaya nan. Kar ta karanto sirrin kasuwa."

Ga yadda aikin yake. A gaban Ummaru akwai talabijin, a cikinta kwalekwale a kan ruwa, kamar gulbin Jega da damina. Na'urar tana sauraron ƙwaƙwalwarsa. In ta natsu, hoton ya yi haske, kwalekwale ya tafi, wani sauti mai daɗi ya fito. In ta koma gadi, hoto ya dushe, kwalekwale ya tsaya. Ba abin dannawa, ba sitiyari. Likita ta ce da maimaici ƙwaƙwalwa kan gane hanyar da ke kai ta ga natsuwa, har ta riƙa binta da kanta ba tare da talabijin ba.

Ta tambayi Ummaru ko yana so in zauna a ɗakin. Ya dube ni, ya ce e. Ta nuna kujera a gefe ta yi magana, Malam Nasiru ya ce, "Ta ce in ka gaji, ga kujera." Daga baya na gane cewa ta yi in zauna can kar in motsa. Malam ne ya ji nauyin ya ba Alhaji umarni. Ni kuwa ban gaji ba. Na tsaya a bayan ƙanena kamar yadda aka san ni, na dafa kafaɗunsa.

Likita ta yi min nuni in ɗauke hannu, na ɗauke. Amma ba a minti biyu sai hannun ya koma da kansa, bakina kuma na bin sa. "Daure, Ummaru. Tura shi. Daure."

Zama na farko, kwalekwale bai yi tafiyar tsawon tabarma ba. Na biyu haka. Na uku Ummaru ya fito sharkaf da gumi cikin wannan sanyin, ya ƙi cin abinci. A ranar aka kira ni daga gida, domin Malam ya samo min layin can. Aka ce an fara cirar albasa a Kashin Zama, motoci sun cika gari, ƙanshin lawashi har cikin ɗakuna. Ga ni a ƙasar wasu, ina cin wake da burodi safe da yamma, ina kallon kwalekwalen da ya ƙi tafiya. Na fara tunanin ko hular Ɗanjuma ce aka canza wa riga. Na yanke a raina, in zama na huɗu ya zo haka, za mu tattara mu koma, in je in faɗa wa Inna na kasa.

A zama na huɗu wayata ta yi ƙara a aljihu. Na fita baranda na yi magana da mai lodi, kamar minti goma. Da na juyo, na leƙa ta gilashin ƙofa. Talabijin ta yi haske tar. Kwalekwale na tsaga ruwa, har ya wuce wata bishiyar dabino da ban taɓa sanin tana cikin hoton ba. Murna ta kama ni. Na tura ƙofa na shiga, na cafki kafaɗunsa.

"Yauwa! Haka nake so! Daure, Ummaru!"

Hoton ya dushe kamar an hura fitila.

Dakta Muna ta cire tabarau ta dube ni, ta yi magana mai ɗan tsawo. Malam Nasiru ya shiga sosa gemu. Ta ƙara wata gajera, wannan karon shi ta yi wa, ta nuna shi da yatsa.

Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ta ce in faɗi yadda ta faɗa. Ta ce ka fita."

"In tahi ina?"

"Ta ce ko'ina, ban da nan."

Raina ya ɓaci. Na ce ya gaya mata a garinmu ba a barin mutum shi kaɗai a hannun mai magani. Na kwatanta mata ɗori da hannu, yadda ake ja, yadda ake riƙewa. Ta saurara da kyau, har ta gyaɗa kai. Sannan ta ce, "Al'ada ce mai kyau. Amma ni ba ƙashi nake ja ba."

Na fita. Da aka tashi muka gangara wurin Ragab, Ummaru ya zauna a kan akwatinsa jikin bango, rana ta azahar na ɗan dukan mu. Ya juya kofin shayi a hannu, ya fara magana.

"Yaya, duk ranar da 'yan bindigar nan za su kira ka, kan wani kututture suke zaunar da ni. Guda ya tsaya bayana, ya dafa nan." Ya taɓa kafaɗarsa. "Bakin bindiga nan." Ya taɓa ƙeya. "Sai su sa min waya a kunne in ji muryarka. Ka tuna mi kake ce min?"

Na tuna. Amma shi ya faɗa.

"Daure, Ummaru."

Na zauna a ƙasa, a kan ɓawon albasar Ragab. Shekara guda da rabi, duk lokacin da na gan shi cikin damuwa, ta baya nake zuwa in dafa shi in ce ya daure. A zaure, a ɗaki, a ƙofar masallaci. Ina ganin ina riƙe shi ne, ashe kan kututturen nan nake mayar da shi.

Na ce, "Mi ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Wa ke ce ma yayansa ɗauke hannunka? Kai ka fiddo ni, Yaya."

Ragab bai ji ko kalma guda ba, amma ya ga fuskata. Ya ƙara min shayi, ya ƙara sukari, kamar na farkon bai isa ba.

Daga ranar aka kore ni daga asibiti, na samu aiki a kasuwa. Sau uku a mako nakan raka Ummaru har ƙofar bene, in miƙa shi ga Malam Nasiru, in dawo wurin Ragab. Zama haka nan ba ya yi min. Ranar farko ina kallon tulin albasarsa, hannuna na ƙaiƙayi. Tsohon nan ya haɗa mai ɗanyen wuya da busasshiya a buhu guda, ya jingina shi da bango inda iska ba ta shiga. Na kasa daurewa. Na naɗe hannun riga, na zazzage buhun, na riƙa danna wuyan kowace da babban yatsa. Mai laushi gefe guda, a sayar yau. Mai ƙarfi gefe guda, ta jira. Na tsamo ruɓaɓɓu bakwai daga tsakiya na jera masa. Ya riƙe kai ya yi salati.

Kafin mako biyu matan unguwa sun san ni. Suka sa min suna Hajji Basal, wato Alhajin albasa. Wata tsohuwa ba ta yarda Ragab ya zaɓar mata, sai ni. Shi kuma ya riƙa yi min tsiya da hannu, wai na ƙwace masa kasuwa. Albasarsu tana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, amma ba ta da yajin tamu. Na gaya masa haka da fuska, ya gane, ya jefe ni da ɓawon lemo. Ranar da kewar gida ta dame ni, na fito da gabu, wato busasshen lawashi, da daddawar da matar Ummaru ta cusa mana a akwati, na yi miya a kan ƙaramin risho, na kai masa a kwano. Ya shinshina, ya ja da baya, ya dube ni kamar na yi masa laifi. Ya ɗanɗana don kunya. Ya share kwanon da burodi.

Kullum in Ummaru ya sauko nakan tambaye shi, "Ina kwalekwale ya kai?"

"Ya wuce dabino."

Wani makon ya ce, "Akwai gada a gaba, Yaya. Yau na gan ta."

Na ce ya faɗa min yadda yake yi. Ya ce, "Ni ma ban sani ba. In na matsa ma kaina, sai ya tsaya. In na sake, sai ya tahi. Kamar mota cikin yashi. In ka ƙanƙame sitiyari ta kafe, in ka sassauta hannu ta nemo hanyarta."

Halin dillali bai bar ni ba. Na je na samu likita na ce a ninka zaman, safe da yamma, mu gama da wuri in riski ƙarshen kasuwa. Ta ƙi, ta ce ƙwaƙwalwa na buƙatar hutu tsakanin darasi da darasi. Na ce to ta sayar min da na'urar guda, in kai Jega in buɗe wuri. Ta yi dariya har ta share ido. Ta ce na'ura ba ta da wuyar samu, mai karanta ta ne aikin. Ta ce rabin abin da ke taimakon Ummaru ma ba wayoyin ba ne, zaman maganar da suke yi ne bayan an cire su. Na tuna da mai farar rigar nan na hawa na uku, na janye maganata.

Ba kullum ake ci gaba ba. A mako na biyar tayar wata mota ta fashe a gabanmu, Ummaru ya yi kwana uku ya koma bin bango, kwalekwale ya koma bayan dabino. Hannuna ya ɗaga zai dafa shi, na mayar da shi aljihu. Na zagayo ta gabansa inda zai gan ni, na zauna, na yi shiru. Wannan shirun ya fi min lodin tirela wuya. A rana ta huɗu ya ce, "Yaya, tashi mu tahi, za mu makara."

Wata safiya na fito wanka na tarar ya jawo gadonsa daga kusurwa, wai can ɗin akwai sanyi. Wata rana kuma na iske shi a gaban teburin Ragab, bayansa ga titi, yana miƙa wa wata mata tumatir. Na juya na shiga danna wuyan albasar da na riga na danna.

Mako tara muka yi. Ranar sallama Dakta Muna ta ba mu takarda mu kai wa likitanmu ɗan Maiyama, ta ce ya ci gaba da magani da zama. Ta ce wannan ba karaya ba ce da za a kwance tsinke a ce ta haɗe. Zai samu ranaku masu nauyi, amma yanzu ya san hanyar dawowa. Ragab ya ba ni albasa guda naɗe a jarida, ya rungume ni yana ta magana. Malam Nasiru ya fara fassarawa, na ce ya bari, wannan na ji.

Ranar Laraba muka sauka tashar Jega, kasuwar albasa ta riga ta yi nisa ba tare da ni ba. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ya yi ƙiba. Juma'a take jira, ni ma ita nake jira.

Da muka isa masallaci na so in tsaya kusa da shi. Ya ce, "Yaya, tahi sahunka." Ya kutsa cikin mutane har sahu na uku, tsakiya sosai, mutum gaba, mutum baya. Ni na samu wuri sahu biyu a bayansa. Allah ya yafe min, rabin huɗubar ƙeyarsa na kalla.

Aka yi sallama lafiya. Ina shirin yin hamdala sai na ga wanda ke zaune daidai bayansa. Baba Maiɗori ne, tsohon maɗorin unguwarmu, wanda gwiwa ta daɗe da gaza masa. Baba bai san komai ba. Zai tashi, ya miƙa hannu biyu ya dafa kafaɗun Ummaru ta baya, ya ɗora masa nauyinsa duka.

Na ga wuyan ƙanena ya sandare. Na yunƙura zan tashi, sai na kama hannuna na dama da na hagu na danne shi a cinya. Ummaru ya ja numfashi, ya sake shi a hankali, dogo. Kafaɗunsa suka sauka. Ya tsaya cik har tsohon ya miƙe, sannan ya juyo ya ɗauko masa sandarsa.

Baba ya ƙura masa ido. "A'a, Ummaru ne? An ce an kai ka Masar ɗori."

"Awo, Baba."

"To wa ya riƙe ka?"

Ummaru ya hango ni ta saman kawunan mutane, ya yi murmushi.

"Ba kowa, Baba. Yaya na can titi shina tsintar ruɓaɓɓar albasa."

Baba ya girgiza kai ya ce, "Kai Bawa, ka ba mu kunya." Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, har hawaye suka zubo min, na bar su a kan dariyar.

Har yanzu bai koma hanyar kudu ba, kuma ban tambaye shi yaushe ba. Babur kan sa shi ya waiga. Shi ke kula min da rumbunan albasa yanzu, duk wata kuma yana zuwa wurin likitansa.

Kafin mu isa gida ranar, labari ya riga mu. Inna ta tarbe mu a bakin ƙofa. Ta sa aka kawo tuwo zaure, kwano guda, ba biyu ba. Ummaru ya zauna a tsakiyar tabarma, bayansa ga ƙofa. Na zagayo ta gabansa na zauna, na wanke hannuna, na sa shi cikin kwano.